Mun iya yaye yaro daga nono, wa zai yaye shi daga fida?

Ranar da na kai autata wurin likitar haƙori, shekararta biyu da wata takwas. Haƙoranta huɗu na gaba na sama sun yi ja-ja daga wajen dasashi, ɗaya har ya fara guntulewa. Na tafi ne da zaton ko ruwan rijiyar unguwarmu ne, domin a gida tuni dangina sun yanke hukuncin cewa haƙoran dangin uwarta ta ɗebo.

Likitar ta ɗaga leɓen yarinyar na sama, ko minti ɗaya ba ta yi tana dubawa ba ta juyo ta kalle ni. "Malam, da fida take kwana?"

Na ce ƙwarai. Ta ce me muke zuba mata. Na ce madara, wata rana shayi. "Da sukari?" Nan na kama kallon rufin ɗaki.

Abin da ban faɗa wa likitar ba, wanda zan faɗa a nan, shi ne laifin ba na uwar yarinyar ba ne. Tun Auta na da wata 14 uwarta ta so raba ta da fidar dare. Aka yi kwana biyu ana kuka. A dare na uku ni da bakina na ce, "Don Allah ki ba ta abinta mu samu mu runtsa, gobe da aiki." Ta ce, "To Abban Auta, kai ka ce." Ta tashi ta haɗa. Daga ranar ba a sake ɗaga maganar ba sai bayan shekara ɗaya da rabi, a gaban likita.

Ra'ayina guda ɗaya ne. Yaron da ya cika shekara ya kamata a ce ya iya sha da kofi, kuma kafin ya kai shekara ɗaya da rabi fida ta bar gidan, ko bulumboti kuke ce mata. Ba ni na yanka wa'adin ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a fara nuna wa jariri kofi tun yana wajen wata 6, a raba shi da fida tsakanin wata 12 zuwa 18. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ita daga shekara ɗaya ma take cewa a daina. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, kuwa dama ba ƙawar fida ba ce. Ko jaririn da dole ta sa ake ba madara, ta fi son a ba shi da kofi, musamman inda ruwa mai tsabta ke wuya.

Bahaushe ya san yaye. Yana da lokacinsa, yana da tsarinsa. A yi shawara, a sa rana, a kai yaro gidan kaka da ƙunshin kayansa, a tanadi gero da gyaɗar kunu. Kowa a dangi ya san an yaye wane. In kuwa aka ɗan wuce lokaci, sai ka ji ana tsokanar yaron, wai ƙato da shi yana shan nono.

Fida ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Baƙuwa ce, ta shigo mana ta cikin kayan barka da kantin magani, kuma ba ta zo da ranar tafiya ba. Shi ya sa za ka ga yaro da kayan makaranta a jikinsa, jaka a baya, yana tsaye a ƙofar gida yana jiran mai adaidaita sahu, fida na reto a bakinsa, ba wanda ya ga abin magana.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke juya lissafin. WHO da UNICEF suna cewa a ba jariri nono zalla wata 6, sannan a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. A gidaje da yawa kuwa kafin shekara biyun ake cire yaro, kuma a daidai wannan lokacin ne ake ƙara masa fida don a rarrashe shi. A lokacin da ya kamata fida ta tafi nono ya zauna, sai nonon ya tafi fida ta gyara zama.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban zo zagin uwar da ta ba jaririnta fida ba. Akwai marayu, akwai tagwaye da 'yan uku, akwai uwar da ciwo ya kwantar, akwai wadda hutun haihuwarta ya ƙare ta koma aiki. Maganata a kan yaron da ya riga ya zauna ne, ya yi rarrafe, ya iya damƙar abu ya kai baki. Wannan ya wuce fida, mu ne ba mu wuce ta ba.

"Ai na nono ne, za su zube"

Ga yadda abin ke faruwa. A bakin kowa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu cin sukari su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke cinye farin ɓawon haƙori. Da rana yawu na wanke baki yana kashe kaifin tsamin. Da an yi barci sai yawun ya ragu. Yaron da barci ya ɗauke shi da fida a baki ba duka madarar yake haɗiyewa ba, saura na taruwa a bayan leɓensa na sama ta kwana tana jiƙa haƙora. Shi ya sa na gaba na sama ke fara lalacewa, na ƙasa kuwa harshe ya rufe su. Madara ko ba a sa mata komai ba tana da nata sukarin. To ina ga an ƙara cokali biyu, ko an zuba shayi, ko lemon kwali?

Alamar farko ba baƙi ba ce. Wani farin layi ne kamar alli a gindin haƙori, daf da dasashi. Ɗaga leɓen yaronka na sama yau ka duba. A wannan matakin ana iya tsayar da ɓarnar.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na ba da ita: ai na nono ne, za su zube. Gaskiya ne, amma yaushe? Haƙoran nono 20 ne. Na gaba ba sa fara famfara sai wajen shekara 6 zuwa 7, turame kuwa sai 10 zuwa 12. Yaron da haƙorinsa ya ruɓe yana shekara biyu, shekara huɗu ke gabansa na ciwo, da kumburin dasashi, da ƙin tauna nama. Kuma su ne ke riƙe wa haƙoran girma gurbi. In aka rasa su da wuri, na bayan kan fito a cakuɗe.

"Yaron nan ba ya cin abinci"

Ba ƙorafin da iyaye suka fi yi irin wannan, mu ma mun yi shi. Mun sayi maganin cin abinci kala-kala a kemis. Sai daga baya na zauna na yi lissafi. Fidar Auta mai cin mililita 250 ce, kuma huɗu take sha tsakanin dare da rana. Lita guda ke nan. Cikin yaro mai nauyin kilo 10 abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kimanin mililita 300 ba. Ta ina tuwon zai shiga?

Yaron da ya wuce shekara, kofi biyu na madara a rana, wato kimanin rabin lita, sun ishe shi. Abin da ya haura haka wurin abinci yake cinyewa. Ita kuwa fida tana sa a sha fiye da ƙima, domin ba yunwa kaɗai ke sa tsotso ba. Gajiya tsotso, fushi tsotso, zaman banza ma tsotso.

Matsalar ba ta tsaya a ƙin tuwo ba. Ana haihuwar jariri da ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kuma ajiyar wajen wata 6 take kai shi. Daga nan sai dai ya samu a abinci: hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, ganye irin su zogale da alayyahu. Madarar shanu, duk da amfaninta ga ƙashi, ba ta da wani ayon na a zo a gani. Sai ka ga yaro ɓul-ɓul, kumatu a cike, amma tafin hannu da cikin ido sun yi fari, a yi gwaji a ce jininsa ya yi ƙasa. Shayi kuma ƙara dagula lamarin yake, domin yana hana hanji zuƙe ɗan ayon ɗin da aka samu.

Wannan a gidan da ake iya sayen madara ke nan. A gidan da gwangwani ya fi ƙarfin aljihu, kuma yanzu su ne mafi yawa, kunu ake zubawa a fidar. A nan nake ganin cutar ta fi girma. Kunu mai kauri ba ya bi ta ramin kan fida. Don haka ɗayan biyu ake yi: ko a sa reza a faɗaɗa ramin, ko a tsinka kunun da ruwa har ya koma tsararo. Sau da yawa ma duka biyun ake haɗawa. Yaro ya sha cikinsa ya yi tim, uwa ta ga ya ƙoshi, alhali rabin abin da ya sha ruwa ne. Bayan awa ɗaya ya yi fitsari, yunwa ta dawo, a sake haɗa wani.

Ma'aikatan lafiya suna da ma'auni mai sauƙi: kunun yaro ya yi kaurin da in aka karkata cokali ba zai tsiyaye nan take ba. Irin wannan ne ke ɗaukar garin gyaɗa, da waken suya, da ɗan manja, da garin busasshen kifi. Haɗin nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake kira Tom Brown, in an dama shi yadda ya kamata, da cokali ake shan sa. Duk abin da zai iya wucewa ta kan fida bai kai abincin ɗan wata 10 ba.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma abin ya fi ƙamari a arewa. Ba zan ɗora wa fida alhakin wannan ba, talauci da cututtuka ne a gaba. Amma a gidan da gero ma kaɗan ne, tsinka shi da ruwa don ya bi ta roba asara ce kan asara.

Zawon haƙori

Ɗauki fidar da ke gidanka, ka kwance murfin, ka juya kan robar cikinsa ya fito waje, ka shinshina. Wanke fida yadda ya kamata na buƙatar buroshi, da sabulu, da ruwa mai yawa, da tafasawa. A gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, ake lissafin gawayi da gas, wa zai tafasa fida sau huɗu a rana? Ana yi a watan farko, lokacin ɗoki. Yaro na kai wata takwas, ɗauraya ce kawai.

Kuma babban yaro yawo yake da fidarsa. Ya tsotsa, ya yar a tsakar gida, kaji su gifta, ƙuda su sauka, ya dawo ya ɗauka. Ƙa'idar madarar da aka haɗa ita ce in ta yi awa biyu a ajiye a zubar. Amma a zafin watan Afrilu, wadda aka haɗa da hantsi ita ake ƙarasawa da azahar, don ba a son asara.

Gudawa na zuwa sai a ce haƙori ne. Fitowar haƙori na sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima. Ba ta sa zawo kamar ruwa da amai da zazzaɓi mai zafi. Wannan ƙwayar cuta ce da ta bi ta baki, kuma abin da take buƙata ruwan gishiri da sukari na ORS ne, da ƙwayar zinc, da zuwa asibiti, ba zaman jiran haƙori ya fito ba. Ga kuma ciwon kunne, wanda ya fi samun yaran da ke shan fida a kwance.

Kofi ba shi da lungu. Ido na ganin dattinsa, yatsa na kaiwa ƙasansa, kuma ba a yawo da shi a cike. A sha ne a ajiye.

Wannan faɗan ya girme mu duka. Dakta Cicely Williams, likitar da ta yi aiki a Ghana tun Turawa na mulki, wadda ta shigar da sunan cutar tamowar nan, kwashiorkor, cikin littattafan likitanci, ta yi wani jawabi a Singafo a 1939 inda ta kwatanta ruɗar iyaye da tallan madarar gwangwani da kisan kai. Sai a 1981 babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, kuma ba madarar kaɗai ta shafa ba, har da fida da kan robarta. A Najeriya hukumar NAFDAC ke sa ido kan wannan. Sai dai ƙa'ida ba ta shiga akwatin kayan barka, inda saitin fida ya zama alamar wayewa.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda ta kamata ta ja hankalin maza. A jagorar da WHO ta fitar a 2023 kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23, ta ce yaron da ya cika shekara madarar dabba ta gama-gari ta ishe shi, ba ta kuma ba da shawarar madarar gwangwani ta musamman da ake sayarwa don manyan yara ba. Sharaɗin dai ta zama cikakkiyar madara mai manta. Nonon shanu na ruga sai an tafasa. Madarar ruwa mai kauri da zaƙi ba ta yara ba ce. Ƙananan ledojin nan na shayi kuma da yawansu an cire man madarar an sa man itatuwa, a riƙa karanta jikin leda.

Da na kai wa mahaifiyata labarin likita, na zaci za ta ce a ƙyale yarinya da abinta. Sai ta ce, "Kai da me aka rene ka? Wa ya taɓa ganin roba a bakin ɗayanku? Ƙoƙo ne da ludayi." Na ce, "Haka ne Hajiya." Ban da abin cewa.

Ba wai komai na da daidai ba ne. Ɗura, wato a danne yaro a cinya, a toshe masa hanci a riƙa tuttula masa kunu da tafin hannu, tana iya kai kunun cikin huhu, kuma hakan na kisa. Kada a gudu daga fida a faɗa ɗura. Kofin da nake magana a kai shi ne wanda yaro ke zaune a miƙe, a ɗora masa a leɓen ƙasa, a karkata har ruwan ya taɓa leɓe, shi ya zuƙa da kansa.

Masu cewa zai zubar, gaskiyarsu, zai zubar. Zai jiƙa riga, zai kifar a tabarma, zai tsoma hannu. Haka ya koyi tafiya, da faɗuwa. A zuba kaɗan a ƙasan kofi, in ya ƙare a ƙara. Masu tsoron zai ƙware kuma su sani cewa a asibitoci, bakwaini da ko ƙarfin kama nono ba su yi ba, da ɗan ƙaramin kofi ake ba su nonon da uwa ta tatsa. Ɗan wata tara ba zai gaza ba.

Sai kofunan nan masu murfi da ɗan dogon baki, waɗanda ko an kife su ba sa zuba. Iyaye na son su saboda kujera da kafet. Amma duk kofin da sai an tsotsa da ƙarfi abu ke fitowa, fida ce ta sake riga: ana yawo da shi, ana kwana da shi, ga lungunan da ba sa wankuwa. In dole sai mai murfi, saboda tafiya ko makaranta, a nemi wanda in an kife shi ruwa ke zuba, ko mai tsinken zuƙa da za a iya wanke cikinsa.

Ta ina za a fara?

Da gargaɗi zan fara. Ga jaririn da bai cika shekara ba, rage fida ba rage madara ba ne. Har ya kai wata 12, nonon uwa ko madarar jarirai su ne ginshiƙin abincinsa. Mazubi kawai ake canzawa. Ba a ƙara wa madararsa ruwa fiye da abin da aka rubuta a gwangwani, kuma ba a sa masa zuma kafin ya cika shekara.

Daga wata 6, duk lokacin cin abinci a kawo masa ɗan ƙaramin kofi da ruwan da aka tafasa ya huce. Wannan wasa ne da koyo, ko kurɓi biyu ya yi an ci riba. Wajen wata 9 ko 10 a mayar da madarar tsakar rana cikin kofi, domin ita ya fi saurin mantawa, hankalinsa na wurin wasa. A bar shi kwana huɗu ko mako ya saba, sannan a taɓa ta yamma, sannan ta safe. Ta dare ita ce ƙarshe.

Wanda nonon uwa kaɗai ya sani, kada a fara masa fida a wata 7 don uwa za ta koma aiki ko makaranta. Ya wuce kofi kai tsaye, an huta da yaye ɗaya.

A kwanakin farko zai sha ƙasa da yadda ya saba. Ba abin tashin hankali ba ne muddin yana fitsari kamar kullum, yana wasa, yana karɓar abinci. Galibi ma a nan ne cin abincin ke buɗewa. Daga wata 9 yaro na buƙatar cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. Kindirmo mai tsabta marar sukari, ko madara a cikin kunu, na cike gurbin abin da ya ƙi sha. Amma in bakwaini ne, ko yana da lalurar haɗiya, ko tsagewar leɓe da ganɗa, ko nauyinsa a katin awo ya tsaya cak, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin a taɓa komai.

A kuma zaɓi lokaci. Ba ranar da yaro ke zazzaɓi ba, ba makon da aka yi masa ƙane ba, ba ana shirin tafiya gida hutun sallah ba.

Fidar dare ita ce mai wuyar, domin ba abinci ba ce, barci ce. Yaro ya koyi cewa da tsotso ake yin barci, shi ya sa in ya farka ƙarfe biyu ba ya iya komawa sai da ita. Dole a koya masa wata hanyar. A ba shi madararsa a kofi bayan abincin dare, a goge masa haƙora da man goge baki mai fuloraid, ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, daga nan ba abin da zai shiga bakinsa sai ruwa. Sai goyo, ko jijjiga, ko tatsuniya, kullum iri ɗaya kuma lokaci ɗaya. Ga wanda ya wuce shekara, ana iya rage abin da ke cikin fidar kaɗan-kaɗan kowane dare, ko a yi ta ƙara ruwa har ta koma ruwa zalla. Yara da yawa da kansu suke wurgar da ita in ta daina daɗi.

Shafa barkono ko maɗaci a kan roba, da tsoratarwa da dodo, ban ga ribarsu ba. Yaro ya rasa abin da yake rarrashin kansa da shi, abin da yake nema a wannan makon jikin mutum ne, ba ƙarin tsoro ba.

A nan nake da magana da 'yan'uwana maza. Wannan yayen ba da rana yake karyewa ba, da dare yake karyewa, kuma sau da yawa mai karya shi shi ne wanda ke juyi a gado yana tsaki. In ba za ka tashi ka saɓa yaro a kafaɗa ka zaga tsakar gida ba, aƙalla ka yi shiru. Sannan a haɗa baki da duk mai hannu a renon: kaka, abokiyar zama, yayye, 'yar aiki, gidan reno. Yaron da aka hana a ɗakin nan aka ba shi a wancan, abin da ya koya shi ne ya ƙara ƙarfin kuka.

Ga asibitocinmu na sha-ka-tafi kuma ina da roƙo ɗaya wanda ba ya cin kasafin kuɗi. Iyaye na kawo yara allurar ƙyanda a wata 9, su dawo ta biyu a wata 15. Ranakun nan biyu sun faɗo daidai kan gaɓa. A wata 9 a tambayi uwa, "Ya fara sha da kofi?" A wata 15 a ce, "An ajiye fida?", a ɗaga leɓen yaro a duba. Minti ɗaya ne. Ana yi wa mata huɗubar nono zalla a layin awo, kuma tana da kyau, amma da wuya ka ji an faɗa musu ranar da fida za ta tafi. Ku kuma masu zuwa barka, a cikin saitin nan a riƙa jefa ɗan kofi da cokali.

Mu dai da yake Auta ta riga ta yi wayo tana jin magana, ba mu ja abin da tsawo ba. Uwarta ta tafi da ita kasuwa ta zaɓi kofinta da kanta, wani ɗan kofin silba mai hannu. Na rana muka cire su cikin mako guda. Ta dare ta ci mana kwana biyar, uku daga ciki ni na yi zaryar tsakar gida da ita a kafaɗa har kiran assalatu. A dare na shida ta tambayi fida sau ɗaya, aka ce mata ta tafi, ta juya ta yi barcinta.

Ba a rufa wata ba ta fara sa hannu a kwanon yayyenta. Haƙoran kuwa an cike biyu, ɗaya sai da aka cire. Yanzu shekararta huɗu, da giɓi take dariya, kuma likita ta ce sabon ba zai fito ba sai wajen shekara bakwai.